Matambayi Ba Ya Ɓata: Likitar Yaran Gana Da Aka Fi Tambayata A Kanta

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙun wannan karon kusan duk wuri ɗaya suka nufa, tun da na ambaci sunan Dakta Susan Ofori-Atta a gurguje a fitowar baya ake ta aiko min da tambaya a kanta, shi ne na ce bari in tattara su in amsa gaba ɗaya.

*Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a makarantar ungozoma, ina aji biyu, amma gaskiya burina likita nake so in zama, a gida kuma ana ta ce min ai na riga na makara, wai in haƙura da abin da Allah ya ba ni. Malamarmu ta ce in je in nemi tarihin wata Susan Ofori-Atta in karanta. Don Allah wace ce ita?*
*Ɗiyarki daga Nima, Accra*

Wa alaikumus salam 'yata. Malamar nan taku ta san abin da take yi wallahi, don matar da ta turo ki wurinta ita ma da ungozoma ta fara.

An haifi Susan a 1917 a Kyebi, wasu na rubuta Kibi, can ƙasar Akyem Abuakwa, lokacin ana kiran Gana da Gold Coast. Babanta shi ne sarkin ƙasar, Nana Sir Ofori Atta na ɗaya, Okyenhene suke ce wa sarautar, babban sarki ne mai dukiya mai faɗa a ji har wajen Turawan mulki. To kin ga ba zan yi miki ƙarya in ce 'yar talaka ce da ta taso da tallan koko ba, 'yar sarki ce, kuma wannan ya buɗe mata ƙofofin da 'yan mata sa'anninta ko mafarkinsu ba sa yi. Amma ai 'ya'yan sarki mata ba ita kaɗai ba ce a ƙasar, da sarauta kawai ke mayar da mutum likita da asibitoci sun cika da gimbiyoyi.

Ta fara karatu a makarantar sistoci ta St. Mary da ke Elmina, daga nan aka kai ta Achimota, makarantar da aka buɗe a 1927, tana cikin 'yan matan farko-farko da suka shiga. A shekarun da take can akwai wata likita mace mai suna Agnes Yewande Savage tana aiki a makarantar, babanta ɗan Najeriya ne uwarta Baturiyar Sikotland, ita ce mace ta farko daga Afirka ta Yamma da ta zama likita, a 1929. Ki ɗan tsaya ki yi tunanin yarinya a wancan zamanin tana ganin baƙar mace da abin auna ƙirji a wuya tana duba marasa lafiya kullum a gabanta, ni dai a ganina irin wannan ganin da ido ya fi wa'azi ɗari.

Da ta gama Achimota ba jami'a ta wuce ba, makarantar ungozoma ta Korle Bu ta shiga, ta gama a 1935, ta ƙaro wani horon na ungozoma a Sikotland, ta yi aikin karɓar haihuwa. Sai daga baya ne ta shiga jami'ar Edinbura karatun likitanci, ta fito a 1947, tana da shekara 30 a duniya. Shekara 12 kenan tsakanin takardarta ta ungozoma da ta likita, ki lissafa da kanki, sannan ki faɗa wa masu cewa kin makara. Babanta da kuɗinsa suka ɗauki nauyin karatun bai ga ranar ba, ya rasu tun 1943.

Da wannan ta zama mace ta farko 'yar Gana da ta zama likita, ta uku a Afirka ta Yamma, bayan Savage ɗin da na faɗa miki da kuma Elizabeth Abimbola Awoliyi ta Legas wadda ta gama a Dublin a 1938. Bayan shekara biyu Matilda Clerk ta biyo bayanta daga Edinbura ɗin dai, ta zama ta biyu a Gana.

Amma ni wannan "ta farko" ɗin da ake ta nanatawa ba shi ne ya fi burge ni ba, don wani yakan zama na farko ya rataye takarda a bango ya zauna. Ita dawowa ta yi ta duƙufa kan mata da yara, ta yi aiki a asibitin Kumasi, ta riƙe asibitin Princess Marie Louise da ke Accra, wanda har gobe asibitin yara ne, ta ƙaro takardar ƙwarewa kan lafiyar yara a 1958, har iyaye mata suka laƙaba mata suna "mmofra dokta", da yaren Twi likitar yara kenan. A 1960 da Kwango ta samu 'yanci rikici ya ɓarke likitocin Beljiyam suka kwashe kayansu suka bar asibitoci ba kowa, ta tafi can ta yi aikin sa kai. Daga baya ta koyar a makarantar likitanci, sannan ta buɗe asibitinta na mata da yara a Accra, kuma da Fafaroma John Paul na biyu ya zo Gana a 1980 ya ba ta lambar yabo saboda marasa ƙarfin da take dubawa kyauta. Ta auri lauya E. V. C. de Graft-Johnson, shi ya sa in kina nema za ki ga wani wurin an rubuta Susan de Graft-Johnson, duk ita ce. Ta rasu a 1985 a Birtaniya. In wata rana kin shiga Achimota ki tambayi gidan kwanan 'yan mata da aka sa wa sunanta.

Shawarata ki gama ungozomar nan da kyau, kar ki yi ta da rabin zuciya don kina hangen wani abu, hannun da ya karɓi haihuwa ɗari ba zai yi rawa a ɗakin tiyata ba. Su kuma na gida kar ki ja da su, ki dai riƙa kawo sakamako mai kyau kina ajiye musu.

*Hajiya ina gaisuwa. Muna gardama a majalisarmu, wani abokina ya ce wannan likitar ita ce ta gano ciwon kwashiorkor kuma ita ta raɗa masa suna, ni kuma na ce ciwon Turawa ne da sunan Turawa. Wa ya fi gaskiya? Kuma shin shi ne tamowa?*
*Mai shayi, daga Maraɗi*

Malam mai shayi ina amsawa, amma ka yi haƙuri, ku biyun duk kun faɗi, kowa ya biya kuɗin shayinsa.

Sunan ba na Turawa ba ne, yaren Ga ne, mutanen Accra, garin da Hausawan can ke kira Ankara. Ma'anarsa kusan ciwon da ke kama yaron da aka ture daga nono saboda an samu ƙaninsa. Kuma ba Susan ce ta kai sunan cikin littattafan likitoci ba, wata likita ce haifaffiyar Jamaika mai suna Cicely Williams, wadda ta zo Gold Coast a 1929 ta yi aiki a wannan asibitin yaran na Princess Marie Louise. Ta riƙa ganin yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu ana kawo su ƙafa a kumbure fata na saɓulewa, ta rubuta bayaninsu a 1933, a 1935 kuma ta sake rubutu a mujallar Lancet da sunan da ta ji a bakin mutanen gari. Manyan likitocin Ingila suka ce ai ba sabon abu ba ne, wani ciwo ne da suka riga suka sani na masu yawan cin masara, ta ce a'a daban ne, kuma daga baya aka gane ita ke da gaskiya. A 1935 ɗin nan Susan tana gama makarantar ungozoma ne, to ka ga lissafin abokinka bai fita ba.

Inda abokinka ya ɗan taɓo gaskiya shi ne Susan ta yi shekaru tana aiki da bincike kan rashin abinci mai gina jiki a jikin yara, kuma saboda wannan aikin jami'ar Gana ta ba ta digirin girmamawa a 1974. Daga nan ne labarin ya cakuɗe a bakin mutane har aka mayar da ita mai raɗa suna. Ni kuma abin da ya fi tsaya min a rai a labarin nan shi ne tsofaffin matan Ga sun san ciwon, sun san sanadinsa, har sun ba shi suna tun kafin likita ya zo, abin da aka rasa kawai wanda zai tsaya ya saurare su.

Mu ma ai mun san shi. Mace ta yi kunika, ko rurrutsa kamar yadda wasu ke cewa, ciki ya shiga tana goyo, nan da nan a ce nonon ya lalace zai kashe yaro, a yaye shi rana ɗaya a kai shi gidan kaka, can kuma koko ne da safe koko da rana tuwo da dare, cikinsa na cika amma jikinsa ba ya samun abin gini. Na taɓa ganin haka da idona a gidan da muka yi haya, yaro ɗan wata goma sha shida, kumatu suka cika ƙafa ta yi luhu-luhu uwar har murna take wai yaye ya karɓe shi, sai da gashinsa ya koma ja yana zuba ya daina wasa ya daina ko kukan kirki sannan hankalin kowa ya tashi, kuma ko a nan ɗin ma sai da aka ɓata sati biyu ana cewa maita ce ana turare kafin a yarda a kai shi asibiti. Allah ya yi da sauran kwanansa, yanzu haka ya yi aure.

Tamowa kuwa kalma ce mai faɗi, ta haɗa da yaron da ya rame ya bushe kamar tsoho, ta haɗa da wannan mai kumburin. Mai kumburin shi ne kwashiorkor, kuma shi ya fi yaudara tunda ruwa ne ya taru a jiki ake zaton ƙiba ce. Gwajinsa ba wuya, ka danna bayan ƙafafun yaron duka biyu da babban yatsa ka ƙirga uku ka ɗaga, in wurin ya lotsa bai dawo ba to asibiti yau ba gobe ba. Ma'aikatan lafiya kuma suna da wani ɗan tef mai launi da suke naɗawa a damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, in bai kai santimita 11.5 ba ya shiga ja kenan. Kar a ce za a yi ta ɗura masa nama da ƙwai a gida don ya warke da wuri, jikin da ya kai wannan matakin ba ya ɗaukar abinci mai nauyi farat ɗaya, akwai madara ta musamman da ake farawa da ita a asibiti kaɗan-kaɗan kafin a kai ga wannan maɗin gyaɗar na cikin leda da kuke gani ana rabawa. Wanda kuma, tunda a Maraɗi kake bari in faɗa, na yara masu ciwo ne, ba na shafa wa burodi a teburin shayi ba.

Kafin a kai ga haka, nono zalla wata 6, a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ana haɗawa da abinci, kokon ma a zuba masa gyaɗa ko waken suya ko garin kifi, a ba yaro ƙwai a daina cewa zai koyi sata. Mai ciki kuma in lafiyarta ƙalau nononta bai zama guba ba, ta je awo ta tambaya kafin ta yanke yaro.

*Anti wai da gaske 'yar uwar tsohon shugaban ƙasa Akufo-Addo ce?*
*Daga Sabon Zango, Accra*

Da gaske ne. Mahaifiyar Nana Akufo-Addo, Adeline, 'yar Nana Ofori Atta ce ita ma, to Susan innarsa ce kenan. William Ofori Atta da ake kira Paa Willie, ɗaya daga cikin mutum shidan nan jagororin neman 'yancin Gana da hotonsu ke jikin kuɗin sidi, ɗan'uwanta ne, J. B. Danquah kuma, wanda shi ma yana cikin shidan, ƙanin babanta ne. Gida ne na siyasa gaba da baya, ita ce dai ta bi hanyar asibiti.

*Ranki ya daɗe, kin ce ta koyar da likitoci. Ni ban gane ba, likita ai duba marar lafiya ne aikinsa, koyarwa ta malamin makaranta ce. Kuma yaro ba ƙaramin mutum ba ne kawai, me ya sa sai an ware masa likita?*
*Wani dattijo daga Tudun Wadan Zariya*

Baba Allah ya ƙara girma. Bari in fara da ta biyun. Yaro ba babba ba ne da aka rage wa tsawo, maganinsa da nauyinsa ake aunawa ba wai a raba ƙwayar babba biyu a ba shi ba, gudawar da za ta sa kai ka kwanta kwana ɗaya shi tana iya tsotse ruwan jikinsa cikin sa'o'i, sannan babbar matsalar ba ya magana, ba zai ce maka ga inda ke min ciwo ba, sai dai likita ya karanta numfashinsa da idonsa da maɗigarsa da yadda yake kama nono, ya kuma iya jan uwar da hira har ta faɗi abin da take jin kunyar faɗa, misali cewa kwana uku kenan ba a ɗora tukunya a gidan ba. Wannan ba a koyonsa a littafi kaɗai.

Shi ya kawo mu ta farkon. Likita a bakin gadon marar lafiya ake ƙera shi, kamar yadda ɗan maƙeri ke koyo a bakin zuga-zugi, babban likita na zagayen safe ɗalibai na biye da shi, ya tsaya kan gado ya ce wa ɗaya taɓa cikin nan ka gaya min me ka ji. A zamanin Susan duk ɗan Gold Coast da ke son zama likita sai ya ƙetare teku, ya koyi cututtukan Turawa a jikin Turawa, ya dawo ya tarar da zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da sikila da tamowa suna jiransa. Asibitin Korle Bu tun 1923 yake, zamanin gwamna Guggisberg, amma makarantar likitanci ta jami'ar Gana sai a shekarun 1960 aka kafa ta zamanin Nkrumah, Charles Easmon ne shugabanta na farko, ɗaliban farko suka fito a 1969. Susan na cikin waɗanda suka kafa sashen yara na makarantar. Ka ga likitar da ke duba yara hamsin a rana hamsin ɗin ta duba, amma in ta koyar da ɗalibai ashirin kowannensu ya tafi Tamale ko Wa ko Ho ya buɗe nasa layin, abin ya wuce ƙirge.

Kuma sashen ya yi mutane. Akwai Farfesa Samuel Ofosu-Amaah, likitan yara, wanda shi da abokan aikinsa suka bi makarantu suna ƙirga yara guragu, suka fitar da sakamakon a 1977, a lokacin ana ɗauka shan inna ba wata babbar matsala ba ce a ƙasashe masu zafi, binciken ya nuna ba haka ba ne ko kaɗan, daga baya aka riƙa yin irin wannan ƙirgen a wasu ƙasashe. Akwai kuma Farfesa Francis Nkrumah, babban ɗan Kwame Nkrumah, shi ma likitan yara ne, ya shugabanci cibiyar binciken cututtuka ta Noguchi da ke Legon a shekarun 1990. To Baba in ka ga 'yan rigakafin shan inna a ƙofar gidanka a Tudun Wada, akwai hannun irin waɗannan malaman a doguwar hanyar da ta kawo su.

*Hajiya na ji an ce matar nan ta yaƙi rabon gado. In haka ne me ya sa kike yabonta a mujallar Musulmi?*
*Daga Zangon Kumasi*

Ɗan'uwa kai da kake zaune a Kumasi ai ka fi ni sanin gadon da ake magana. Ba rabon gado na Musulunci ta yi magana a kai ba, ita Kirista ce 'yar ƙabilar Akan, al'adar gidansu ta taɓa. A al'adar Akan ta ɓangaren uwa ake gado, mutum in ya mutu dukiyarsa dangin uwarsa take komawa, ɗan'uwansa ko ɗan 'yar'uwarsa ya gaje shi, matarsa da 'ya'yan cikinsa kuwa ba su cikin wannan dangin, sai a wayi gari matar da ta yi shekara talatin tana noman koko da mijinta an ce ta tattara ta bar gidan ita da yaranta. Likitar da ke zaune a asibitin yara ai ita ke ganin ƙarshen irin wannan labarin, don marayan da aka kora daga gonar ubansu su ne ake kawo mata bayan wata shida ƙafa a kumbure.

Shi ya sa ta yi ta kira a yi doka da za ta ba matar mamaci da 'ya'yansa haƙƙi, tana cikin majalisar da ta tsara kundin tsarin mulkin 1969, kuma a 1985 gwamnatin Rawlings ta fitar da dokar gadon wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, wadda kuke kira PNDC Law 111, a shekarar da ita Susan ɗin ta rasu. Ba ita kaɗai ta yi fafutukar ba, ƙungiyoyin mata da coci-coci sun daɗe suna yi, amma ka tuna 'yar Okyenhene ce, sarautar gidansu kanta ta ɓangaren uwa ake gadonta, kuma ta fito ta ce a nan wurin an zalunci mata da yara. Mu da addininmu ya yanka wa matar mamaci tumuninta ya ba 'ya'ya rabonsu ban ga abin da zai ɓata mana rai a nan ba, sai dai ma mu duba gidajenmu, don na san gidaje da yawa da aka shekara goma ba a raba gado ba babban wa ya zauna a kan komai.

Akwai wasiƙu biyu kan sikila, ɗaya daga Agadas ɗaya daga Yawunde, na gan su, wuri ne ya ƙare, su zan fara ɗauka a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Mai tambaya kan kuɗin makarantar likitanci a Kumasi kuma don Allah ka sake turowa, rabin saƙonka ne ya shigo.